Garambawul ɗin injin ƙaramin jirgi: dole ne a canza gaid ɗin bawul?

Mai Ƙaramin Jirgi: Injina Lycoming O-320 ya cika awa 2,000, an buɗe shi. Mun auna gaid ɗin bawul, wato bututun da sandar bawul ke kai-komo a cikinsa, duk suna cikin ma'auni. Ni dai na ce abin da bai ci ba a bar shi, ga tsadar dala.

Tsohon Injiniya: Alhaji, ma'aunin ya gaya maka lafiyarsa ta yau ne, kai kuwa wata awa 2,000 kake nema a wurinsa. Bawul ɗin hayaƙi ya fi komai shan wuta, kuma Lycoming na zuba sodiyam a cikin sandarsa don ya kwashi zafi ya miƙa wa gaid. Da zarar gaid ya yi fāɗi, bawul sai ya riƙa zama a karkace, iska mai zafi ta samu kafa, gefensa ya ƙone. Takardar Lycoming mai lamba 240 ta sa gaid cikin kayan da dole a canza lokacin garambawul.

Makanike: Baba, na yarda da takarda, amma sabon gaid da aka sa ba daidai ba ya fi tsohon haɗari. Sai an gasa kan silinda, a sanyaya gaid, a shigar, a bi ramin da rima, wato ƙarfen daidaita faɗin rami, sannan a sake gyara mazaunin bawul su zo kan layi ɗaya. Wanda ba shi da kayan wannan aiki, ɓarna zai yi.

Tsohon Injiniya: To a kai silindar inda suke da kayan, ɗana. Rashin kayan aiki ba hujjar mai da tsoho ba ne.

Matuƙi: Kun manta da matsewa. Dalmar da ke cikin man jirgi 100LL da ƙonannen baƙin mai kan taru a ramin gaid, ka tada inji da safe ya yi ta kakkarwa, sai ya ɗumama ya daidaita. Ranar da bawul ya maƙale kana sararin sama, sandar da ke tura shi ya buɗe ce za ta lanƙwashe.

Makanike: Wannan ai gwajin girgiza bawul a cikin gaid na takardar Lycoming mai lamba 388 ke kamo shi, sabo ko tsoho.

Mai Ƙaramin Jirgi: To in na canza na hayaƙi kaɗai, na bar na shigar iska?

Tsohon Injiniya: Ranka ya daɗe, ba zan sa hannu a littafin injin in rubuta garambawul ba.