Kokwamba ko gurji? Da yadda za a fassara karin maganar Turawa a kanta

Mai Fassara: Malamai, ina neman matsaya a kan abu biyu. Wasu na rubuta gurji duk inda Bature ya ambaci doguwar koriyar nan ta haɗin salak, wasu kuma kokwamba. Sannan Ingilishi na da salon magana da ke kwatanta mutum da sanyin kokwamba idan bai ruɗe ba a lokacin tashin hankali. Yaya za mu faɗe shi?

Mai Lambu: Malam, a raba su tun a gona. Gurji ɗan gidan su malo ne, gajere, mai zane a jiki, yana fitowa da damina, a yanka a kwaɗa da ƙuli da yaji. Kokwamba jinsi ne daban, asalinta Indiya, doguwa, an fi nomanta a lambun rani, tana isa tsinka cikin kwana 45 zuwa 60. Idan ta sha ƙishi ko zafi ya yi mata yawa sai ta yi ɗaci, musamman ta wajen hancin da ke manne da yaɗo, shi ya sa ake yanke nan a zubar. Ka ce wa mai sayar da iri gurji kake so, ba zai ba ka irin kokwamba ba. Sunan kasuwa ya riga ya zauna, a bar shi.

Malamar Hausa: Na yarda da Mai Lambu. Amma salon maganar ya fi damuna. Kusan kashi 95 cikin 100 na kokwamba ruwa ne, daga sanyinta kuma Turawa suka samo kwatancen. Matsalar ita ce sanyi a bakin Bahaushe ba natsuwa yake nufi ba. "Jikinsa ya yi sanyi" karaya ce. "Sanyin jiki" nawa ce wajen aiki. "Sanyin hali" kuwa haƙuri ne da rashin faɗa. Ka rubuta cewa direba ya yi sanyi kamar kokwamba da birki ya ƙwace, mai karatu zai ɗauka tsoro ne ya kashe masa jiki, akasin abin da ake nufi ke nan. Rubuta "ko gezau bai yi ba".

Mai Fassara: Malama, "ko a jikinsa" fa?

Malamar Hausa: Wannan rashin damuwa ne, har da ɗan zargi a ciki. Ajiye shi don maganar Sifaniyawa, su da idan abu bai dame su ba sai su ce darajarsa a wurinsu ta kokwamba ɗaya ce. Namu shi ne "ko a kwalar rigata". A Burazil kuma kokwamba na nufin matsala mai wuyar warwarewa, can sai a ce alaƙaƙai.

Ɗan Jarida: Ku ƙara da ta mutanen Holan da Folan. Watannin Yuli da Agusta, lokacin da majalisa ke hutu jaridu suka rasa abin bugawa, suna kiransa lokacin kokwamba. Na so in ce "bazarar labarai", tunda a bazara rumbu ke yin ƙasa.

Malamar Hausa: Yana da daɗi, Malam, sai dai wani zai zaci labaran yanayin zafi ne. "Ƙamfar labarai" ba ta bukatar bayani, kowa ya san ƙamfar ruwa.

Mai Fassara: Na ɗauki ƙamfar labarai. Gurji kuma na mayar wa masu kwaɗo.