Kaluluwar wuyan ɗana ta ƙi jin maganin tarin fuka: mece ce cutar Rosai-Dorfman?

Manomi daga yankin Ringim:
Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara 9 yana fama da kumburin kaluluwa a gefe biyu na wuyansa tun kafin damina. Ba ya jin zafi idan an taɓa, sai zazzaɓi jefi-jefi da gumin dare. An ɗora shi a kan maganin tarin fuka na wata shida, ya shanye, kumburin yana nan. Da aka tura mu Kano, aka yanki ɗan nama daga wuyan aka kai ɗakin gwaji, sakamakon ya fito da sunan Rosai-Dorfman. Ina roƙon masana su gaya mini, shin ciwon daji ne? Kakarsa kuma ta dage a kai shi wurin wanzami a yi masa sakiya.

Likitan yara daga Kano:
Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ba yaron lafiya. Wannan cuta tana tasowa ne daga wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira histiyosait, waɗanda aikinsu shi ne cinye ƙwayoyin cuta da matattun ƙwayoyin jiki. Idan suka hayayyafa fiye da ƙima, sai su cunkushe a kaluluwa har ta kumbura. Juan Rosai da Ronald Dorfman ne suka yi cikakken bayaninta a 1969, kuma an fi ganinta a yara da matasa. Masana suna lissafa ta cikin ƙari, amma ba ta cin jiki irin yadda sankara take yi, kuma idan kaluluwar wuya kaɗai ta kama, sau da yawa takan lafa da kanta bayan watanni ko shekaru, shi ya sa wani lokaci sa ido kawai ake yi. Idan ta danne maƙoshi ko ta shiga ido, ƙashi ko ƙwaƙwalwa, sai a yi tiyata ko a ba da prednisolone, wani lokaci har da maganin sankara. A 2022 Amurka ta amince da maganin cobimetinib domin manya masu irin wannan ƙari, sai dai yana da tsada ƙwarai.

Abin da na fi so ka bincika shi ne ko an yi wa naman gwajin rini na musamman. Rinin yana bayyana wasu alamomi a jikin ƙwayoyin: a Rosai-Dorfman alamar S100 tana fitowa, alamar CD1a ba ta fitowa. Idan CD1a ta fito, to 'yar uwar Rosai-Dorfman ce, cutar ƙwayoyin Langerhans, wadda idan ta bazu a jiki ake shekara guda ana ba da vinblastine da prednisolone.

Ma'aikaciyar jinya daga Hadejia:
Baba, don Allah a rarrashi Hajiya a bar maganar sakiya. Babu mugunya a cikin wannan kumburi, nama ne, kuma huda shi ba ya haifar da komai sai zubar jini da gyambo. Ku adana takardar sakamakon da lambar gwajin, domin da ita ake nemo naman idan za a sake dubawa. Idan yaron ya fara numfashi da ƙara, ko haɗiya ta yi masa wuya, ko idonsa ya turo, a kai shi asibiti a ranar, ko da dare ne.

Manomi daga yankin Ringim:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na duba takardar, ban ga S100 ko CD1a ba. Sai an sake yanka shi ke nan, Likita?

Likitan yara daga Kano:
Galibi ba sai an sake ba, Malam. Ana ajiye naman a cikin kakin gwaji, daga nan ake yanko wani siriri a yi rinin. Ka nemi likitan da ya tura ku ya rubuta buƙatar hakan, ka kuma tambaye shi ko za a yi wa yaron gwajin jini da hoton ƙirji da ciki kafin a yanke shawarar magani.