Gwajin Kruskal-Wallis ya ba ni p = 0.025: me zan rubuta a babi na huɗu?

Ɗalibi, Samaru:
Assalamu alaikum. Ina neman haske daga malamai da manyan ɗalibai. Aikina na ƙarshe a kan hanyoyin adana wake ne guda huɗu: buhu mai ninki uku, cuɗawa da toka, cuɗawa da garin barkono, da buhun da ba a sa masa komai ba. Kowace hanya na ba ta buhu 15, bayan wata uku kuma na ƙirga ƙwayoyin da ƙwaro ya huda a cikin ɗari. Da yake alƙaluman sun karkata gefe ɗaya, ga sifili da yawa, sai aka ce in bar ANOVA, gwajin da aka saba kwatanta matsakaicin rukunai da shi, in yi gwajin Kruskal-Wallis. Manhajar nazarin alƙaluma ta SPSS ta ba ni H = 9.35 (ƙimar gwajin), df = 3 (yawan rukunai a cire ɗaya), p = 0.025 (yiwuwar ganin bambanci mai girma haka idan hanyoyin duk ɗaya suke). Shin zan iya rubutawa a babi na huɗu, wato babin sakamako, cewa buhu mai ninki uku ya fi sauran, tunda shi ne mai mafi ƙarancin matsayi a jerin ɓarna?

Malamin lissafi, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. A'a, wannan sakamakon bai ba ka izinin wannan jumlar ba tukuna. Gwajin da William Kruskal da Allen Wallis suka wallafa a 1952 ba ya aiki da alƙaluman kai tsaye. Yana jera dukkan buhunanka 60 daga mafi ƙarancin ɓarna zuwa mafi yawa, ya ba kowanne lambar matsayinsa, sannan ya duba ko matsayin ya tattaru a wani rukuni fiye da yadda sa'a kaɗai za ta kawo. Da df 3, iyakar da H za ta ƙetare a matakin 0.05 ita ce 7.815, kuma taka ta ƙetare. Abin da hakan ya tabbatar shi ne aƙalla hanya ɗaya ta bambanta da wata, amma bai faɗi wacce ba.

Don gano ta, sai ka bi da gwajin Dunn na 1964, wanda ke kwatanta rukunai biyu-biyu da matsayin da aka riga aka fitar. Rukuni huɗu na ba da kwatance shida, saboda haka gyaran Bonferroni, wanda ke raba 0.05 da yawan kwatancen, zai mayar da iyakar p ɗinka kusan 0.0083. SPSS ba ta taɓa iyakar, ƙimar p take ninkawa sau shida, don haka ginshiƙin da aka gyara za ka karanta, ka auna shi da 0.05. Kada ka yi mamaki idan kwatance ɗaya kawai ya tsira.

Tsohuwar ɗaliba, Sabon Gari:
Malam ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai zan ƙara abin da aka taɓa kama ni da shi ranar kare aikina. Mutane kan ce gwajin Kruskal-Wallis yana kwatanta adadin tsakiya (median, wato adadin da ke tsakiyar jeri), alhali hakan na inganta ne idan rukunan suna da siffa da yaɗuwa iri ɗaya. A naka da wuya su kasance haka, domin buhu mai ninki uku zai taru kusa da sifili, shi kuwa buhun banza zai bazu. Ka ce wata hanya ta fi yawan ba da ƙarancin ɓarna, ka kuma kawo adadin tsakiyar kowane rukuni a jadawali. Ka haɗa da girman tasiri, wato ma'aunin girman bambancin: H a raba da 59 (buhu 60 a cire ɗaya) zai ba ka kimanin 0.16. Tambayata ita ce, buhu 15 ɗin daban-daban ne, ko buhu biyar ka auna sau uku?

Ɗalibi, Samaru:
Na gode, Malam. Na gode, Yaya. Gaskiya buhu biyar ne a kowace hanya, ina ɗibar samfuri a ƙarshen kowane wata, sai na lissafa su 15.

Malamin lissafi, Tudun Wada:
To, nan ne matsalar take, kuma ta fi ta farko girma. Gwajin yana buƙatar kowane awo ya zama mai cin gashin kansa, awo uku daga buhu ɗaya kuwa ba haka suke ba. Buhunanka 20 ne, ba 60 ba. Ka ɗauki awon wata na uku kaɗai, ka sake gudanar da gwajin, ka turo mana sabuwar H kafin ka taɓa babi na huɗu.