Wayoyin gargaren baya na ta tsinkewa, me zan yi?

Assalamu alaikum. Ina shirin tafiya da keke daga Kano zuwa Zariya cikin kwana biyu, don haka duk Asabar nake gwaji a hanyar Wudil, zuwa da dawowa. Keken mai giya ne, tayarsa inci 26, wayoyin gargare 36. Ina ɗaura kaya kamar kilo 15 a kariya: ruwa, famfo, tub, kayan faci da 'yan tufafi.

Sau uku ke nan wayar gargaren baya na tsinkewa. Kullum a ɓangaren sarƙa, kuma daidai wurin lanƙwasar da ta shiga hob, wato cibiyar gargaren. Sai in ji ƙas, taya ta fara layi tana gogar birki. Na ƙarshe ma ko Mariri ban wuce ba, a kan kwalta lafiyayya, ba rami ba komai.

Mai gyara ya canza waɗanda suka tsinke, ya daidaita gargaren har sau biyu. Na rage kaya, na ƙara iska, ina tashi daga sirdi in na ga gargada. Duk da haka wata daban ce ke tsinkewa, ba wadda aka canza ba. Abin ya ishe ni, domin sai an kwance firiwil, wato haƙoran baya da sarƙa ke hawa, kafin a sa waya a wannan ɓangaren, ni kuwa ba ni da abin kwance shi a hanya.

Waɗanda suka saba doguwar tafiya da kaya, shin in sa a zare wayoyin duka a ɗaura sababbi masu kauri a kan wannan gargaren, ko kuwa gargaren ne ya gaji in sayi wani?