Wane suna za mu sa wa fan fiction a shafinmu?

Assalamu alaikum 'yan uwa na Makka da Jidda da Madina. Dan Allah maganar sunan nan mu rufe ta yau, ƙaninmu da ke haɗa mana shafin a WordPress ya gama komai, wurin babi-babi da wurin sunan marubuci duk sun zauna, abin da za a rubuta a saman shafin farko kawai yake jira, kuma ni wlh ba na so a buɗe shafin Hausa abu na farko da ido zai gani ya zama fan fiction da Turanci. Rabin yaranmu da aka haifa a Shara Mansur da Misfala a Makka da Larabci suka yi makaranta, Hausar boko ma da ƙyar suke haɗa ta, Turancin ba zai gaya musu komai ba.

Abin da muke nema wa suna shi ne ka ɗauko mutanen cikin wani fim ko littafi da kake so, na Kannywood ne ko na Turkiyya da ake fassarawa, ka rubuta musu sabon labari, ko ka ci gaba daga inda mai shi ya tsaya. Turawa sun daɗe da nasu, tun 1998 suke da FanFiction.net, shafin Archive of Our Own (AO3) kuma ya buɗe a 2009. Mu a Wattpad da WhatsApp muke ta zubawa ba suna, mutum ya canja jawwal, wato waya, rabin labarin ya tafi, dalilin yin shafin ke nan.

Hajiya ta kawo labaran masoya, kuma ita ce fassarar da ta fi kusa da yadda Larabawa ke cewa ƙisasul mu'ujabin. Amma Hajiya ki yi haƙuri, duk Bahaushen da ya ji labaran masoya soyayya zai kawo a ransa, alhali cikin abin da muka tara akwai na bincike akwai na ban tsoro. Labaran magoya baya kuma ya tafi wajen ƙwallo, sai a zaci zancen Ittihad da Hilal muke.

Labarin aro na so shi sosai, don ya faɗi gaskiyar abin: mutanen nan ba namu ba ne, da mai su, ba kuma za mu sayar ba. Sai dai aro bai nuna wahalar da marubuci ya sha ba, 'yar uwar da ta kwana tana rubuta babi ashirin ba aro kawai ta yi ba, kuma kun san da an ji kalmar za a jefe mu da kayan aro ba ya rufe katara.

Malam ne ya buɗe min ido da ya ambaci tahamisi. Malamanmu tun da can suna ɗauko baitin wani mai ɗango biyu su ƙara masa uku ya zama biyar, ba wanda ya ce sata ce, girmama mai waƙar ne ma, Ishiriniyar da muke ji a maulidi da tahamisinta ake rera ta. To aikinmu ɗan uwan wannan ne, amma kalmar ta waƙa ce kuma tana da alaƙa da ƙirgen biyar, sannan na ji nauyin ɗora sunan abin da aka san shi da yabon Manzon Allah (SAW) a kan labarin 'yan fim. Abin da na ɗauko daga wajen Malam shi ne aikatau ɗin da shi kansa ya yi ta maimaitawa, wane ya ɗora a kan baitin wane.

Shi ya sa nake goyon bayan LABARIN ƊORI, jam'i labaran ɗori. Ɗorawa muke a kan ginin wani, ginin yana nan da sunan mai shi, namu yana sama. Kalmar ba baƙuwa ba ce, kullum muna cewa ɗori a kan abin da wane ya faɗa, muna cewa riyal ɗari da ɗoriya. Eh na san akwai ɗorin karaya, Yaya ya riga ya tuna min, don haka ba za mu ce wa mai rubutun maɗori ba, marubucin ɗori ko marubuciyar ɗori za mu ce, shikenan.

Abu biyu ƙaninmu ya ja hankali a kai. Adireshin shafin da d mara lanƙwasa za a rubuta shi don kowa ya iya bugawa a wayarsa, amma a cikin shafin ɗ za ta fito daidai, ya gwada a iPhone da Android. Na biyu, tunda ɗora muke cewa in za mu tura abu intanet, maɓallin turawa sai a rubuta masa Saka labari don kar a rikice.

A ƙasan sunan za mu sa layi ɗaya na bayani da Hausa, ɗaya da Larabci saboda yaranmu, kuma kowane labari dole marubuci ya rubuta a kan aikin wa ya ɗora kafin ya hau. In akwai mai ƙorafi ya faɗa kafin sallar isha'i ta Harami, in ba haka ba zan ce masa ya rubuta Labaran Ɗori ya buɗe.