Wai AI ɗin nan bai jin Hausa ne ko wayata ce?

Ɗan Auyo:
Salamu alaikum 'yan uwa, dan Allah tambaya gare ni. Ƙanina ya zo hutu daga Kano ya saka min wata manhajar AI, wato ƙirƙirarriyar basira, wai in tambaye ta komai. To ganyen shinkafata ya fara yin ja-ja, na hau tudun bayan firamare inda sabis ke ɗan kamawa na rubuta mata da Hausa, ta yi ta juyi sannan ta kawo wata Hausa kamar ta baƙon da ya sauka jiya, ban gane kanta ba. Shi kuwa da ya tambaya da Turanci sai ga bayani tiryan-tiryan.

Malamin Ringim:
Wa alaikumus salam. Ba wayarka ba ce Malam. Daga rubutun intanet abin yake koyo, Turanci kuwa ya cika intanet, mu duk yawanmu a baki Hausarmu take, rediyo da saƙon murya a WhatsApp, ba mu cika rubutawa ba. Ga kuma kuɗi, ChatGPT, ɗaya daga cikin irin manhajojin nan, tun Nuwamba 2022 ya fito, akwai na kyauta amma mai ƙarfin dala 20 ne duk wata, in dala na 1,500 ka ga dubu 30 kenan, alhali mafi ƙarancin albashi dubu 70 ne. Wa zai bar buhun taki ya biya wannan?

Maman Ummi:
Ku kuna ta dala, mu cajin ma sai an aika yaro shagon mai janareta, kuma tun da aka ƙara kuɗin data a 2025 wlh sai da lissafi nake buɗe waya.

Injiniya Gumel:
Ba mu kaɗai ke da matsala ba fa, a Sin da Rasha da Iran ma ba a buɗe ChatGPT, amma 'yan Sin suka yi nasu irin su DeepSeek. Mu ma gwamnati ta ƙaddamar da namu AI ɗin mai suna N-ATLAS a Satumba 2025, yana Hausa da Yarbanci da Ibo. Ni dai damuwata murya, Baffa na bai karanta boko, in ba zai yi magana a amsa masa ba ina amfaninsa?

Ɗan Auyo:
Na gode jama'a. Ganyen dai na ƙulla a leda zan kai wa malamin gona ranar kasuwa. Injiniya, wannan N-ATLAS ɗin yana hawa ƙaramar waya?