Maɓalli ko Allon Taɓawa: Abin da Kowa Ya Gani a Motarsa

Mai buɗe magana:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Wata huɗu ke nan da na sauya mota, kuma wadda na saya kusan komai nata yana cikin allon taɓawa, har da sanyin esi da ƙarar rediyo. Ran nan da daddare ana ruwa, tururi ya rufe gilashin gaba, sai da na taɓa allon sau uku, kowane karo idona yana barin titi, kafin na kai ga wurin da ake busar da shi. A tsohuwar motata hannuna ne kawai yake zuwa ya murɗa, ko kallo ba na yi. Shin rashin sabo ne yake damuna, ko kuwa haka abin yake ga kowa?

Direban doguwar tafiya:
Wa alaikumus salam. Malam, ba rashin sabo ba ne, domin na shekara biyu da irin wannan mota, har yau ban iya ƙara sanyi ba sai na duba. Maɓalli yana da tudu, yana da gefe, yana ƙara idan aka danna, shi ya sa yatsa yake haddace wurinsa. Shi kuwa allo sumul yake, kuma idan taya ta faɗa rami sai yatsa ya zame ya taɓa abin da ba a nufa ba. Mai gudun kilomita 100 a awa yana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, saboda haka kallon daƙiƙa uku ya wuce mita 80 ke nan ido ba ya kan hanya. A 2022 mujallar Vi Bilägare ta ƙasar Suwidin ta gwada haka a gudun kilomita 110: direban tsohuwar Volvo V70 ta 2005 mai maɓallai ya gama ayyuka huɗu cikin daƙiƙa 10, alhali a MG Marvel R mai allon taɓawa sai da ya haura daƙiƙa 40.

Wata malama:
Ni dai ba zan yi wa allon butulci ba, Malam, domin kyamarar ribas da taswira sun sauƙaƙa mini tuƙi ƙwarai. Ƙorafina ɗaya ne, wato idan rana ta haske shi ba na ganin komai sai shatin yatsuna.

Mai gyaran wayarin:
Gaskiyarki, Hajiya, amma ku zo ku ga abin da muke gani. Maɓalli ɗaya idan ya mutu shi kaɗai muke sauyawa, allo kuwa idan ya ɗauke, esi da rediyo da kyamara duk tare suke tafiya. Tun da Tesla ta fito da Model S a 2012 da allo mai inci 17 sauran suka bi sahu, kuma a ganina araha ce ta ja su, tunda allo guda ya fi tarin maɓallai da wayoyinsu sauƙin haɗawa.

Direban doguwar tafiya:
Ai an fara komowa. Hukumar Euro NCAP, mai auna lafiyar motoci a Turai, ta sanar cewa daga 2026 motar da ke neman taurari biyar, wato makinta mafi girma, ana so siginarta, da fitilun gargaɗi, da hon, da waifa, da kiran gaggawa su kasance abin da hannu zai danna ko ya ja. Volkswagen ma ta mayar da maɓallai kan sitiyari.

Mai buɗe magana:
Na gode ƙwarai. Abin lura, esi ba ya cikin biyar ɗin nan, don haka ni dai yanzu kafin in sa giya nake saita shi, idan kuma gilashi ya rufe a hanya sai in gangara gefe in tsaya.